Wutsiyar Kalma

Na zo hutu Mai Wurno da littafi ɗaya a jaka,
nauyinsa kamar ɗan dutsen niƙa.
Labarin wani harshe ne da ba mai rai da ya taɓa ji,
kakan harsunan Turai da na Hindu,
ya mutu bai bar ko guntun allo ba.
Kowace kalma tasa sai an ɗiga mata tauraro a goshi,
wato: zato muke, ba mu gani ba.

Wuta ta ɗauke tun la'asar.
Na ja tabarma gindin darbejiya,
Nilu na wucewa can ƙasa, ba ruwansa da jarrabawata.

Ga kyarkeci a shafi na tamanin da uku.
Girkawa sun ce lukos, Rumawa lupus,
mutanen Lituwaniya har gobe wilkas.
Ga saiwa, ga wutsiya,
amma tsakaninsu wani ɗan wasali ya maƙale,
wani o mai kama da bakin tulu.
Ba ya nufin komai, ba a kuma iya cire shi.
Shekara fiye da ɗari malamai na tsare shi a hanya:
kai ɗan gidan wa ne?
Wani ya ce tsohuwar alamar mallaka ce ta manta aikinta.
Wani ya ce wakilin suna ne, rakiya ya yo,
dare ya yi masa, ya kwana,
gari bai sake waye masa ba.
Na karanta duka. Kaina ya yi gingirin.

Inna Kyauta na dakan gahawa a bayana,
taɓaryar ƙarfe na cewa tin, tin.
Shekararta tamanin tana cinikin Larabci a kasuwar Sinnar,
har yau ba ta yarda da sukkar ba.
Sukari take saye.
Mai kanti ya ce sabun, ta ce sabulu,
ya gyara mata, ta gyara masa,
haka suka tsufa tare.

Na ce, Inna, wannan i da kike liƙawa,
wa ya ba ki?
Ta dube ni kamar na tambayi farashin iska.
Ta ce, su mutanen nan buga ƙofa suke in sun gama magana.
Mu a gidanmu ba a rufe baki garam,
sai a bar 'yar kafa.
Na ce, a makaranta cewa muke,
kalmarmu ba ta son ƙarewa da baƙi.
Ta yi dariya har citta ta zube:
To garin nan fa, da wa ya ƙare?
Kakana Makka ya nufa da ƙafa,
ya tsaya nan jiran damina ɗaya.

Ban ce komai ba.
Na koma kan kyarkecina.

Sai na hango wata mace, shekara dubu shida baya,
a bakin wani kogi mai sanyi da ban san sunansa ba,
ɗanta ya yi nisa da tumaki,
ga wata inuwa tana bin ciyawa.
Za ta yi ihu.
Baƙi ba ya tafiya nesa, a haƙori yake mutuwa.
Dole ta buɗe baki.

Wannan ba zai shiga kundina ba.
Dakta zai zagaye shi da jan biro a Hartum,
ya rubuta: ina hujja?
Gaskiyarsa. Ba ni da ita.
Na dai rubuta a gefen shafi, ƙanana,
na ɗiga masa tauraro.

Magariba ta kawo kai, gahawa ta tafasa,
ba sukari a gwangwani.
Ɗan yayata na can bakin ruwa wajen masu kwalekwale.
A takardar makaranta sunansa Mudassir.
Inna ta miƙe, ta dafa ƙyaure,
ta cika ƙirji:

Mudassiruuu!

Daga can ƙasa, ya amsa.